Ku Tambaya Mu Amsa: Za mu Mbale wajen yaro, mi za mu shirya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam mai amsa, da fatan kuna lafiya ku da iyali. Ni dattijo ne nan Tahoua, ɗana na karatu a jami'ar Musulunci ta Mbale can ƙasar Yuganda, bana zai ƙare kuma ya matsa wai lallai sai mun zo ni da uwarshi ranar da za a ba su diplom. To ni iyakacin tafiyata Makka da Kano. Mi za mu shirya, kuma in mun tai akwai abin gani ne ko mu kwana biyu mu juyo? Uwar tashi ƙafa na damunta.
Wani Alhaji, Tahoua

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya albarka ga karatun yaro. Ku je, don Allah ku je, kuma kar ku yi kwana biyu ku juyo, kuɗin jirgi daga Yamai zuwa can ba ƙaramin abu ba ne da za a kashe shi kan zaman kujera na yini guda. Ku ware ko da sati ne.

Jami'ar nan ma ai ba baƙuwarmu ba ce. A taron ƙasashen Musulmi na OIC da aka yi a Lahore a 1974 aka yanke shawarar gina jami'o'in Musulunci guda biyu a Afirka, ɗaya a Nijar ɗaya a Yuganda. Tamu ita ce ta Say, ta buɗe a 1986, tasu kuma ta Mbale ta buɗe a 1988 da ɗalibai 80 kacal. To in aka tambaye ka daga ina, ka ce daga ƙasar jami'ar Say kake, tsofaffin malaman wurin sun san zancen.

Takardu tukuna. Fasfo, da biza wadda ake cikawa ta intanet tun kana gida, yaron ya taimaka muku da ita ya kuma turo takardar gayyata daga makaranta. Sai karne na rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, kar a manta shi a Tahoua don ana tambayarshi a filin jirgi. Sefa ba ta da amfani can, ku canza dalar Amurka tun a Yamai, sabbin takardu masu tsabta don tsofaffi ana ƙin su ko a karya musu daraja, in kun sauka ku mayar shilin na Yuganda. Jirgin Habasha na tashi daga Yamai ya bi ta Addis Ababa ya sauke ku Entebbe. Agogonsu ya riga namu da awa 2.

Daga Entebbe zuwa Kampala wajen kilomita 40 ne, daga Kampala zuwa Mbale kuma ya haura kilomita 200, amma kar lissafin kilomita ya ruɗe ka, fitowa daga Kampala kaɗai na iya cin awa guda ko fi saboda cunkoso, ku sa awa biyar a ranku ku kama hanya da sassafe. Za ku ratsa dajin Mabira, gonakin rake da na shayi hagu da dama, sannan Jinja inda kogin Nilu ke fita daga tafkin Victoria, kuma kan gadarshi za ku wuce. In motar haya kuka ɗauka ku kaɗai ku ce ma direba ya tsaya, a ga mafarin kogin da ke shayar da Sudan da Misira. Tuƙinsu ta hannun hagu ne, saboda haka in za ku ƙetare titi dama za ku fara dubawa, wannan Alhaji ka nanata ma Hajiya sosai.

Shi Mbale gari ne a gindin dutse. Ko ina ka tsaya a cikin gari kana ganin tsaunin Wanale tsaye a gabas, kore shar, da damina ruwa na zubowa daga samanshi zara-zara ana hange tun daga kasuwa. Bayanshi ne babban dutsen Elgon yake, kan iyakarsu da Kenya, ƙololuwarshi da suke ce ma Wagagai mita 4,321 ce. Hawanshi kwanaki ne ana tafiya a ƙasa ana kwana cikin sanyi, ku bar ma samari wannan. Musulmi na da yawa a garin, masallatai ba sa wuya. Abin da zai fara ba ka mamaki alƙibla, mu nan gabas muke fuskanta, su can arewa suke kallo, to kar ka shimfiɗa darduma a masauki da sabon gida, ka tambayi yaro.

Abinci kuwa sai haƙuri kwana biyun farko. Matoke shi ne babban abincinsu, ayaba ce ɗanya da ake turarawa cikin ganyenta a tuƙe a zuba mata miyar gyaɗa, akwai posho tuwon masara ne zai fi muku sauƙi, da safe kuma rolex a bakin titi, ƙwai ake soyawa da tumatir da kabeji a naɗe cikin capati da zafinshi. Mutanen yankin, Bagisu, suna da malewa, tohon gora ne da aka busar da hayaƙi ake miya da shi, ku ɗanɗana. Ana cin alade sosai a Yuganda, kar ku shiga gidan abinci sai wanda yaro ya sani. Hajiya ta riƙo yaji da ƙuli-ƙuli da garin kuka abinta.

Wurin da nake roƙonku kar ku dawo ba ku gani ba shi ne Sipi. Kamar awa guda da 'yan kai ne a mota daga Mbale, hanyar Kapchorwa, kwalta ce tana nannaɗe dutse tana hawa. Ruwa ne ke faɗowa daga dutse hawa uku, mafi tsawonsu kusan mita 100, tun ba ka iso ba kana jin rugugi, in ka matso feshin ruwan ya jiƙa maka riga alhali ko ɗigon sama babu. Mutumin Adar da ya san wahalar igiya da wasaki a rijiya cikin watan Afrilu, ya tsaya ya ga ruwa na zuba haka dare da rana rani da damina, wallahi tasbihi kawai zai kama yi. Maganar ƙafar Hajiya kuwa kar ta hana ta zuwa, akwai masaukai a bakin tudu inda mutum zai zauna kan kujera da shayinshi babban ruwan na fuskantarshi, ba sai ta taka ko'ina ba. Kai in za ka sauka ƙasa ka ɗauki ɗan jagora cikin yaran garin, ka karɓi sandar da za su miƙo maka, ƙasar ja ce mai santsi, takalmin fata na zuwa masallaci ba zai yi ba. Su dai masu jagoran za su kai ka gonar kofi, irin arabika da yankin ya yi suna da shi, ka ga 'ya'yan jajaye a jikin itace, a ɓare, a daka a turmi, a soya a kasko kan itace a dafa maka nan take. Ku sayo na tsaraba a nan. Gaba kaɗan Kapchorwa ce, yankin su Joshua Cheptegei da Stephen Kiprotich wanda ya ci zinaren gudun fanfalaƙi a London a 2012, da safe za ka ga samari na gudu rukuni-rukuni a gefen hanya.

Ku tafi da rigunan sanyi da lema, Sipi da dare sanyi ne na gaske. Ruwan sama ya fi yawa daga Maris zuwa Mayu da kuma wajen Oktoba da Nuwamba, in ana tafka shi kwana da kwanaki kar ku hau ƙauyukan kan dutse, ƙasa na zaftarewa, a 2010 ta binne mutane da yawa a Bududa. Akwai sauro, ku ga likita kafin tafiya. Kabu-kabu, boda boda suke ce mishi, ya cika garin amma gudunsu ya yi yawa, Hajiya dai a sa ta a mota.

TAMBAYA: Salam. Ni ɗaliba ce a Yamai, na samu BAC bana, ina sha'awar jami'ar Mbale amma faransanci da larabci na iya. Zai yiwu?
Wata ɗiyarku, Yamai

AMSA: Barka da BAC ɗiyata, Allah ya ƙara basira. Da turancin Ingilishi ake mafi yawan karatu can, a kasuwa ma faransanci ba zai sayo miki ko tumatir ba, to ki fara zama ki koyi turancin sosai kafin a kashe kuɗi. Ki kuma sani jami'ar na da reshe na mata zalla a Kabojja kusa da Kampala, ki nuna ma su baba wannan, wataƙila hankalinsu ya fi kwanciya. Ki rubuta ma ofishin ɗaukar ɗalibai da kanki ki tambayi takardun da suke so daga mai BAC da kuɗin shekara, kar ki ba kowane ɗan tsakiya ko dala.