Me ya sa gahawar ƙananan shagunan da ke soya ta da kansu take da tsami?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A birnin da nake zaune ƙananan shagunan shan gahawa sun yawaita, wasunsu ma da kansu suke soya ta, suna kiranta "ta musamman". Na shiga ɗaya na saya, ta fi wadda na saba sha tsada nesa ba kusa ba, amma da na kurɓa sai na ji tsami kamar an matsa lemo a ciki. Lalacewa ta yi ko haka take? Kuma ta yaya zan gane shagon da ya san aikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zan riƙe kalmar gahawa har ƙarshe, don in na ce kofi sai a rasa abin shan nake nufi ko mazubinsa.

A mafi yawan lokuta ba lalacewa ta yi ba. Abin da muke kira ƙwayar gahawa ƙwallon ɗan itace ne, wani ɗan ƙarami da ke yin ja idan ya nuna, galibi da ƙwallo biyu a cikinsa. Tun da ɗan itace ne, ba ya rasa tsami na halitta. Wadda ka saba sha an soya ta ne har ta yi baƙi, wuta ta cinye tsamin ta bar ɗaci da ƙauri. Suya mai duhu tana rufe aibin ƙwaya, tana kuma sa gahawar ƙasashe dabam-dabam ta zo da ɗanɗano kusan ɗaya, abin da manyan kamfanoni ke so ke nan. Ƙananan masu suya kuwa akasin haka suke nema: harshenka ya gane daga ina ƙwayar ta fito.

Lafazin "ta musamman" yana da asali. Wata mai fataucin gahawa a Amurka, Erna Knutsen, ita ta fito da shi a 1974. Ƙungiyar masu harkar gahawa ta musamman, Specialty Coffee Association, wadda ta samu a 2017 bayan haɗewar ƙungiyar Amurka da ta Turai, ta yi shekaru tana aiki da wannan ma'auni a baya: ƙwararrun masu ɗanɗano su ba gahawa maki 80 ko fiye cikin 100. Kafin a kai ga ɗanɗano ma sai an zube giram 350 na ɗanyar ƙwaya an tsince, ba a yarda da babban aibi ko ɗaya ba, irin baƙar ƙwaya ko wadda ta yi fumfuna, ƙananan aibu kuma kada su wuce biyar. Kusan duk irin Arabika ne, wadda ake nomawa a kan tuddai, ba Robusta ba, da ta fi ɗaci ta kuma ninka ta wajen sinadarin da ke hana barci. Sai dai ka sani, kowa na iya rubuta kalmar a allon shagonsa, babu mai kama shi.

A wurin suya ake gane gwani. Ana zuba ɗanyar ƙwaya a wata ganga mai juyawa kan wuta, cikin minti goma ko sha 'yan kai ta tashi daga kore zuwa rawaya, daga nan zuwa ruwan ƙasa. Idan zafi ya kai wajen digiri 196 na salsiyas, tururin da ke cikinta sai ya tsaga ta, ka ji tas-tas-tas. Masu sana'ar na kiran wannan fashewar farko. Daga nan abin ya koma lissafin daƙiƙoƙi. In aka sauke jim kaɗan bayanta, suyar sama-sama ke nan, tsami da ƙamshin furanni suna nan. In aka ɗan ƙara, zaƙi da garɗi su fito, tsamin ya lafa. In aka bari har fashewa ta biyu, mai ya tsattsafo a bayan ƙwayar, ta yi sheƙi, ɗaci ya mamaye komai. A wannan ɗan lokacin ƙwayar kan rasa kashi 12 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinta, wanda yana cikin dalilan tsadar da ka gani.

To amma tsami iri biyu ne, kuma a nan ba zan kare masu shago ba. Tsami mai kyau tare yake zuwa da zaƙi, kamar na lemun da ya nuna, kuma daɗinsa ƙaruwa yake idan gahawar ta fara hucewa. Mummunan kuwa kaifi gare shi, yana tsinkar gefen harshe, wani lokaci da warin ɗanyar ciyawa. Wannan kuskure ne: ko dai suyar ba ta ratsa cikin ƙwayar ba, ko niƙan ya yi tsaki-tsaki ruwa ya wuce da sauri, ko ruwan bai kai digiri 90 zuwa 96 da ake buƙata ba. Akwai masu suyar da yayin suyar sama-sama ya ɗebe su har suna sauke gahawa ɗanya, in ka yi magana a ce harshenka ne bai waye ba. Kada ka yarda. Bar ta ta huce minti biyar ka sake kurɓa, in har lokacin babu alamar zaƙi, laifin ba naka ba ne.

Ƙasar da aka noma ta ma tana da nata. Ta Kenya an san ta da tsami mai ƙarfi, ta yankin Yirgacheffe na Habasha da ƙamshin fure da lemo, ta Barazil kuwa tsaminta kaɗan ne, ta fi karkata wajen cakulan. Da ni ne kai, da ta Barazil ko Kolombiya mai matsakaiciyar suya zan fara.

Batun gane shago, manta da kujeru da fitilu, juya jakar da suke sayarwa ka duba bayanta. Ranar da aka soya nake nema, ba ranar da za ta lalace ba. Sabuwar suya tana fitar da iskar kabon, shi ya sa ake barinta ta kwana biyu kafin a sha, shi ne kuma amfanin ɗan murfin iskar da ke jikin jakar. Bayan wata ɗaya ko makamancin haka ƙamshin ya fara gudu. Jakar da ba ta faɗi ranar suya ba, ba ta faɗi ƙasa da yanki ba, ni ba na saya. Sannan ka tsaya ka kalli mai haɗawa. A gabanka ya niƙa? Yana aunawa da sikeli ko da ido? Esfireso, wato gahawa mai kauri da inji ke matsowa, yadda aka saba giram 18 na gari ne ke ba da wajen giram 36 na ruwan gahawa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. In ta zubo cikin daƙiƙa goma sha, ga tsaminka nan.

Ba kowane shago ne ke suya ba. Da yawa suna saye ne daga wani mai suya a cikin birnin, kuma wannan ba abin kunya ba ne matuƙar za su faɗi sunansa idan ka tambaya. Wanda kuma ya ɗaure fuska don ka nemi madara ko sukari, ka bar masa shagonsa.

In za ka tafi da ita gida, sayi ƙaramar jaka, ƙwaya ba gari ba, ka riƙa niƙa daidai abin da za ka sha. Ajiye ta a mazubi mai murfi nesa da rana da laima. Giram 60 ga lita ɗaya ta ruwa. In ta yi tsami, ƙara laushin niƙa. In ta yi ɗaci, rage shi.