Wasiƙar neman ƙarin girma: wace kalma za a sa, wane kwali za a saya?

Tambaya daga wani ma'aikaci a Gusau: Assalamu alaikum. Ina aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, shekara huɗu ke nan ina mataki na 8, waɗanda muka shigo tare kuwa sun haye na 9. Na je shagon buga takardu a rubuta mini koke, sai yaron ya sa wa wasiƙar take "Application for Preferment", wai Turancin manya ne, ya fi "promotion" nauyi. In miƙa ta haka? Kuma wane ƙamus zan saya, don na gaji da dogaro da masu shago?

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka miƙa ta. Yaron bai ƙirƙiri kalmar ba, tana nan a ƙamus, ma'anarta a ɗaga mutum zuwa muƙamin da ya fi nasa. Sai dai ba a ofis take zaune ba. A Ingila an fi jin ta a harkar coci, idan limami ya samu babbar kujera, kuma cocin Angilika a Najeriya ma da ita take amfani in za ta ɗaga darajar limamanta. Lauyoyi kuma suna da nasu amfanin daban: a bakinsu "prefer a charge" na nufin shigar da tuhuma a kan mutum. To ka ga ma'aikacin rajista da zai buɗe wasiƙarka da safe, ko dai ya yi dariya, ko ya ajiye ta gefe don bai san fayil ɗin da za ta shiga ba. Kamar ka sa babbar riga mai aska tara ne ka tafi noman rani.

Aikin gwamnati yana da kalmominsa, kowace da hanyar da take bi. "Promotion" shi ne hawa daga mataki zuwa na gaba bayan ka cika shekaru, ka ci jarrabawa, kuma akwai gurbi. A dokokin tarayya, mai mataki na 6 zuwa ƙasa sai ya yi aƙalla shekara 2, daga na 7 zuwa na 14 shekara 3, daga na 15 zuwa sama shekara 4. "Upgrading" na wanda ya ƙaro ilimi ne yake so a daidaita matakinsa da sabuwar takardarsa. "Conversion" kuwa sauya layin aiki ne gaba ɗaya. Kai na farkon kake nema, don haka shi za ka rubuta, ba ado.

Amma kafin ka sake biyan kuɗin bugu, leƙa fayil ɗinka. Yawancin waɗanda aka tsallake, ba wani ne ya tsane su ba, takarda ce ta ɓace. An tabbatar da kai a aiki bayan shekara 2 na gwaji, kuma takardar tana ciki? Ka zauna jarrabawar tabbatarwa? Fom ɗin auna ƙwazo na shekaru uku da suka wuce, shugabanka ya cike ya sa hannu, ko suna cikin durowarsa? Sunanka yana jerin ma'aikata da ranar kama aiki daidai? In duk waɗannan lafiya lau, sai ka rubuta shafi ɗaya: ranar kama aiki, ranar tabbatarwa, lambar fayil, da abin da kake roƙo a layi biyu. Ta bi ta hannun shugaban sashenka, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Batun ƙamus, nemi Oxford Advanced Learner's Dictionary. Amfaninsa a gare ka shi ne yana sa alama a gaban kalma, ya gaya maka ta takardun hukuma ce, ta hira ce, ko tsohuwar yayi, sannan ya ba da jimlar misali. Da yaron ya duba, da ya ga alamar. In kana da wayar zamani ma ba sai ka saya ba, shafinsu na intanet kyauta ne. In kuma na takarda kake so, buɗa tsakiyarsa a gaban mai shago, domin na jabu sun yi yawa: rubutu dishi-dishi, takarda shara-shara, wani lokacin shafuka a juye. A ganina ma, kuɗin ya fi amfani in ka fara sayen littafin dokokin aikin gwamnati, bugun da aka sabunta a 2021. Ma'aikatan jiha su nemi na jiharsu, don akwai 'yan bambance-bambance.

Tambaya daga wata ma'aikaciya a Kaduna: Ina da HND, ina mataki na 9. An ce mini layinmu ba ya wuce mataki na 14 sai da digiri. Wani ya ce zai samo mini digiri daga Kwatano cikin 'yan watanni, in biya kashi biyu. Maigidana kuma ya ce in shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a ko da zai ɗauki shekaru. Wanne ya fi?

Hajiya, maigida ya fi dillalin nan gaskiya. Abin da aka gaya miki game da mataki na 14 tsohuwar matsala ce tsakanin masu HND da masu digiri. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudirin kawar da bambancin a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba. Don haka neman digirin ba laifi ba ne. Inda za a neme shi ne abin dubawa.

A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya ɓad da kama ya sayo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, daga baya ma'aikatar ilimi ta ce jami'o'i takwas kacal ta amince da su a ƙasashen biyu. Wanda aka kama da kwalin bogi ba ƙarin girma kaɗai zai rasa ba, aikin ne zai tafi, shekarun da ya tara su bi ruwa. Araha ba ta ado, balle wannan da ba ma araha ba ce.

Ko Buɗaɗɗiyar Jami'ar ce, ko karatun ƙarshen mako a wata jami'a kusa da ke, yi abu biyu kafin ki biya kobo. Ki tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince da wannan kwas ɗin kansa, ba jami'ar kawai ba. Sannan ki nemi izinin karatu a rubuce daga ma'aikatarku, domin mutane da yawa sun gama karatu sun kawo kwali, aka ce ba a san da tafiyarsu ba. Ki kuma zaɓi fannin da ma'aikatar take da layinsa. Digirin da ba shi da gurbi a wurinku ado ne kawai a bango.

Sai lissafi. Sauya layi ba kullum yake zuwa da hawa ba, wani lokaci a bar ki a matakinki, wani lokaci ma a mayar da ke baya kaɗan, ki bi bayan waɗanda kika riga shiga aiki. Ritaya kuma tana zuwa ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 da aiki, duk wadda ta riga. In saura miki shekara ashirin, karatun zai biya kansa. In bai wuce bakwai ko takwas ba, da wuya ki kai inda shingen yake ma, don daga na 9 zuwa na 14 hawa huɗu ne a mafi yawan layuka, tunda ana tsallake na 11, kowane hawa shekara 3 in komai ya tafi daidai. Ki je sashen kula da ma'aikata, ki ce a nuna miki tsarin layinku a rubuce, ki ƙirga da biro kafin ki cike fom.