Tambaya da Amsa: Akwai inda zan duba tarihin likita kafin in miƙa masa jikina?

TAMBAYA: Salam Anti. Ƙanwata aka yi wa tiyatar haihuwa a wani asibitin kuɗi, sati uku tana zazzaɓi wurin ɗinkin yana ruwa har da wari, da muka canza asibiti aka sake buɗe ta sai ga ƙullin bandeji an manta a cikinta. Allah ya tashi kafaɗunta amma daga baya wata maƙwabciya take ce min ai ba yau likitan ya fara ba. Don Allah babu inda ake ajiye sunayen irin waɗannan mutum ya duba? Daga wata 'yar uwa a Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannunku, Allah ya ƙara mata lafiya. Wallahi wasiƙar nan ta tsaya min a rai.

Hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya ita ce MDCN, tun 1963 take, kuma duk shekara sai likita ya sabunta lasisinsa. Tana da kwamitin bincike, tana da kotun ladabtarwa wadda za ta iya jan kunnen likita ko ta dakatar da shi ko ta soke sunansa gaba ɗaya, in bai yarda ba sai dai ya je Kotun Ɗaukaka Ƙara. To amma mu talakawa yawanci a jarida muke tsintar labarin hukuncin, in ma mun ji. A Ingila kuwa suna kawai za ki rubuta a rajistar GMC, hukumar da ke ba likitocinsu lasisi, a intanet ki ga ko an dakatar da likita ko an gindaya masa sharuɗɗa. Amurka tana da rumbun bayanan kurakurai da hukunce-hukuncen likitoci tun 1990, sai dai asibitoci da hukumomi ke leƙawa, ba jama'a ba.

Ni dai ina goyon bayan a bayyana wa jama'a tarihin likita, amma abin da aka bincika aka tabbatar, ba ji-ta-ji-ta ba. Likitan da ya kwana yana tiyata da fitilar waya saboda an ɗauke wuta mara lafiya ya rasu a hannunsa ba ɗaya yake da mai ganganci ba, kuma kinsan Facebook ba ya tambayar ba'asi.

Inda muke cutar kanmu shi ne ana cewa ƙaddara ce a bar wa Allah sai kowa ya kama bakinsa, alhali yarda da ƙaddara bai hana neman hakki ba, kuma in ba a kai ƙara ba babu abin da zai shiga fayil ɗin likitan balle wata ta gani.

Ki tattara katin asibiti, rasit, hoton sikanin da rahoton likitan da ya sake buɗe ta. Lauya ya taya ku rubuta koke a yi rantsuwa a kansa a kotu, don da takardar rantsuwa kwamitin binciken MDCN yake karɓar ƙara. Kar ki ba kowa na ainihin, fotokofi za ki bayar.