Kafin ka sayi motar filin tsere, ina filin yake?

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanina, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce shekara huɗu kana tuƙa Golf GTI, yanzu Allah ya buɗa, kana son komawa motar da aka ƙera musamman don filin tsere, idonka yana kan Porsche Cayman GT4 ko BMW M2 Competition, kuma a cikin Kano kake zaune. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a dukiyar. Na riga ka bin wannan hanyar, na kashe kuɗi a kanta ba kaɗan ba, shi ya sa zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Tambayar da ba ka yi ba ita ce ta gaba da kowacce: a ina za ka tuƙa ta? Mu a Kano filin tseren da muka sani shi ne Filin Sukuwa da ke Nassarawa, shi kuwa na dawaki ne. Filin kwalta na tseren motoci da na sani a ƙasar nan yana can Evbuobanosa a jihar Edo, a kan hanyar Benin zuwa Agbor. Kafin ka kai can sai ka ratsa Kaduna da Abuja da Lokoja, kuma irin wannan motar ba a tuƙa ta a wannan doguwar hanya, ɗora ta ake yi a bayan babbar mota. Ka zauna ka ƙirga tsakaninka da Allah sau nawa za ka iya yin wannan a shekara. Idan sau biyu ne, to sauran kwanakin shekarar duk a titin Zoo Road da titin Zariya da cunkoson Kantin Kwari motar za ta yi su.

Shekarun baya na yi odar wata mai ƙofa biyu daga Amurka, injin V8, irin wadda tun daga kamfani aka sauke ta ƙasa, aka tsaurara mata shokozoba, aka sa mata taya mai faɗi. Ranar da aka sauke ta a ƙofar gidanmu, yaran unguwa sun kewaye ta, ni kuma zuciyata fal farin ciki. Shiga gidan ne ya gagara. Gangaren da ke kan kwalbatin ƙofarmu, wanda kowace mota take hawa ba tare da an lura da shi ba, shi ya tsayar da mu. Sai da muka aro katako biyu a wurin kafintan layinmu muka jera, ina matsawa kaɗan-kaɗan ƙanina yana durƙushe yana leƙen ƙasa, duk da haka leɓen bamba ya gogi siminti. Ƙarar nan har cikin haƙorina na ji ta. Daga ranar kowace fita sai na tsara hanya a kaina: wane layi ne yake da tudun rage gudu, wanne ne ruwa ya cinye. Idan na zo tudu sai na karkace na hau shi a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya, masu adaidaita sahu a bayana suna danna oda. Wata shida ban je gaida gwaggona a cikin birni da ita ba, domin lungunsu ba zai karɓe ta ba.

GT4 ɗin da kake so haka take, ko ma ta fi. Samfurin 718 da ya fito a 2019 an sauke shi milimita 30 ƙasa da Cayman ta yau da kullum, kuma ba shi da na'urar ɗaga gaban mota irin wadda ake iya sa wa Porsche 911 GT3. Tayar bayanta 295/30 ce a kan wili mai inci 20, wato kaurin robar da ke tsakanin wili da kwalta bai kai santimita 9 ba. Rami ɗaya bayan damina ya isa ya kumbura gefen taya ko ya lanƙwasa wili. Tayar da take zuwa da ita, Michelin Pilot Sport Cup 2, roba ce mai laushi da take manne wa kwalta idan ta ɗauki zafi, amma tana cinyewa da wuri, kuma ba ta son ruwan da ya kwanta a titi. Ka tuna yadda titunanmu suke zama a watan Agusta. Mai faci na bakin titi ba shi da ita, a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ma da wuya ka same ta a ajiye, sai dai oda, da dala.

Sai maganar mai, wadda mutane da yawa suke ruɗewa a kanta. Idan mota ta zo daga Amurka za ka ga an rubuta 91 ko 93 a murfin tanki, wato lambar ƙarfin man da take buƙata, sai mutum ya ce ai man gidajen manmu ma kusan 91 ne, shi ke nan an dace. Ma'aunin ba ɗaya ba ne. Namu ma'aunin RON ne irin na Turai, kuma 91 ɗinsa daidai yake da kusan 87 na Amurka, wato man talakawan motocinsu. 93 ɗinsu shi ne kusan 98 a namu ma'aunin, kuma shi Porsche take so a ba GT4. Injin da matsinsa ya yi yawa idan aka ba shi mai mara ƙarfi, man yana kamawa kafin lokacinsa. Kwamfutar motar za ta ji, ta ja da baya don ta kare injin, kai kuma ka biya kuɗin inji mai ƙarfin doki 414 kana hawan ƙasa da haka. Idan ka dage kana take totur a cikin zafin Afrilu, lokacin da Kano take wuce digiri 40, injin ne yake biyan bashin a hankali. M2 Competition kuwa turbo biyu gare ta a kan injin lita 3, wanda aka ɗauko daga M3 da M4, kuma turbo ya fi kowa jin zafin gari da raunin mai. Da hunturu ya shigo kuma ƙura ce: matatar iska da lagireto suna toshewa da sauri fiye da yadda littafin motar ya tsara, don ba a rubuta littafin da Kano a rai ba.

Makanikanmu suna da hannu, wannan ba na jayayya. Na ga yaro a gareji ya saurari inji da kunne ya faɗi abin da kwamfuta ta zo ta tabbatar. Amma sun saba da Toyota da Honda da Marsandi da BMW. Injin Cayman a tsakiyar mota yake, bayan kujeru, ba ka buɗe bonet ka gan shi, kuma tana buƙatar na'urar bincike tata ta daban. Ƙaramin abu zai iya ajiye maka ita wata guda kana jiran kaya daga waje.

Yanzu bari na zo kan abin da ya fi damuna, wanda saboda shi na zauna rubuta wannan. Mutumin da ya sayi irin wannan motar kuma ba shi da fili, titi zai mayar fili. Ba ya nufin haka ranar da ya saya, amma motar tana kiransa. Ni ma ta kira ni. Wata Lahadi bayan sallar asuba na fita wajen gari, titi fayau, na riƙa takawa ina taka birki da ƙarfi, ina sake takawa, don na ji abin da na saya. A karo na biyar ko na shida, can gabana wani yaro ya turo kurar ruwa zai tsallaka. Na taka birki, ƙafata ta nutse kusan har ƙasa kamar na taka soso. Na saki na sake bugawa sau biyu kafin ya kama. Na tsaya ƙasa da tsawon mota biyu daga jarkokinsa. Yaron ya kalle ni, ya ci gaba da turin kurarsa, bai ma san abin da ya tsallake ba. Ni kuwa na gangara gefe na kashe mota, hannuna yana rawa a kan sitiyari, warin birki ya cika ciki. Laifin nawa ne: tun da motar ta zo ban canja man birki ba. Man birki yana shan danshin iska da tsufa. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, idan kuwa ya tafasa tururi ne a cikin bututu, tururi kuma ba ya riƙe mota. Da a fili ne, akwai yashi da fegi a gefe da aka tanada don irin wannan. A titinmu ɗan mutane ne a wurin. Tun daga ranar ban sake gwada mota a titi ba, kuma ina roƙonka da girman Allah kada ka fara, ko a baifas ne, ko da tsakar dare ne.

Abin da ya gyara mini tunani wata tafiyar kasuwanci ce zuwa Dubai. Na ware rabin yini na je Dubai Autodrome, na biya aka ba ni mota da hular kwano da malami a gefena. Ina ganin na iya tuƙi, shekara nawa ina kan titi. Zagaye uku kacal ya nuna mini cewa gaban bonet nake kallo maimakon ƙarshen kwana, ina taka birki a makare, ina shiga kwana da wuri, ina fizgar sitiyari. Da muka yi musanya ya karɓa, motar nan dai ita ce, amma sai ka ce an canja ta, kuma hannunsa a natse kamar mai zuwa masallaci. A nan na gane motar da na baro a gida ta fi ƙarfin iyawata nesa ba kusa ba. Irin wannan damar akwai ta a Yas Marina da ke Abu Dhabi, akwai kuma filin Kyalami a Afirka ta Kudu. Kuɗin taya huɗu na GT4 zai kai ka ka zauna kusa da wanda ya iya.

Da na dawo na sayar da V8 ɗin, na sayi Toyota 86. Doki 200 ne kawai, injin lita 2, nauyinta wajen kilo 1,250, tayar baya ke ja, giyar hannu. Abokai sun ce na koma baya. Amma mota mara nauyi ba ta cin taya da birki kamar mai nauyi, tayarta inci 17 ce da ake samu ba wahala, tana shiga gidanmu ba katako, kuma idan bayanta zai zame tana gaya maka tun da wuri, a gudun da za ka iya gyarawa. Ba zan ɓoye maka ba, ita ma tana son mai mai kyau, don haka gidan mai ɗaya na riƙe, ina ƙara mata maganin ƙarfin mai, kuma ba na matsa mata da tsakar rana. Wadda ta gaje ta, GR86, an ƙara mata inji zuwa lita 2.4 da doki 228. Mazda MX-5 ma tana wannan layin, ta fi ta rashin nauyi, sai dai rufin yadi da ranar Kano ba sa shiri.

Shawarata a gare ka ita ce kada ka sayar da GTI ɗinka bana. Mota ce da mutane da yawa suka koyi tuƙin fili a cikinta. Ka zuba mata man birki mai jure zafi, irin su Motul RBF 600 da ke wuce digiri 300, ka sa takalmin birki mai kyau da taya irin Pilot Sport 4, ka canja baƙin mai, ka sayi hular kwano ta gaske. Ka nemi masu shirya taron fili a kudu ka je sau ɗaya ko biyu, ko ka haɗa da tafiyarka ta waje. Bayan nan za ka san da jikinka ko ƙarfi kake nema, ko sauƙin nauyi, ko kuma ƙarar inji da kallon mutane ne kawai suke burge ka, wanda shi ma ba laifi ba ne, amma motarsa daban ce kuma ta fi arha.

Idan kuwa ka riga ka yanke, sai ɗaya daga cikin biyun nan, to a fili GT4 ta fi, ba tantama, injinta na lita 4 ba turbo yana juyawa har 8,000, kuma nauyinta a tsakiya yake. Amma wanda zai zauna da mota a Kano, M2 zan ce ya ɗauka: tana da kujerun baya da but, ba ta kwanta a ƙasa kamar waccan ba, kuma za ka samu wanda ya san injin BMW. Kowacce ka zaɓa, ka karɓi lambar shasi ka bincika tarihinta kafin ka tura ko sisi, domin da yawa daga cikin masu zuwa daga gwanjon Amurka sun taɓa haɗari, kuma motar gudu ba don gogar bamba kawai take zuwa gwanjo ba. Ka sa a ɗaga ta a duba ƙasa, a duba ko jakar iska tana nan ko an rufe gurbinta. Ka tabbatar sitiyarinta a hagu yake, don tun 1972 muka koma tuƙi a gefen dama na titi. Sannan ka ware kuɗin kwastan da na taya da birki na shekara guda a gefe, kada kuɗin motar ya cinye su.

Ka gaya mini shekarar GTI ɗinka, da ko giyar hannu ce ko DSG (giyar otomatik ta Volkswagen), da kilomita nawa ta yi. Idan DSG ce kuma ba a taɓa canja mata man giya ba, daga nan za mu fara.