Amsar mai gyara kan amfilifayar jitar da ka cin fiyus

Assalamu alaikum, jama'ar gida. To ƙanena, na ga hoton da kat turo tun da hantsi, muryarka ma na saurare ta har sau biyu, hannuna na cikin aiki shi yas sa ban amsa ba sai yanzu. Ka ce amfilifayar jita mai bawul da yayanka yak kawo maka ta Ƙonni ta ƙone fiyus ukku cikin kwana biyu, kana tambayar inda za ka samu babba, mai am 5 ko am 10, wanda ba shi ƙonewa.

Ba ni hwaɗa maka inda aka sai da shi. Ko'ina akwai shi, ka shiga babbar kasuwa yanzu yaro zai cika maka tahin hannu da shi. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Fiyus maigadi na, ya ga ɓarawo ya yi kuwwa, kai kau kana neman kurman maigadi. Abin da za ka tambaya shi na mi ka cin fiyus ɗin.

Kahin komi, ka ji wanga da kunnen basira. Wagga ba rediyo mai batir ba ta. Cikinta akwai wuta bolt 400 har 500, kuma manyan kondansa suna riƙe ta ko bayan ka zare waya daga bango. Bawul ɗin da ka tsaye ga baya, waɗanga masu kama da kwalba, kana iya cire su da kanka in ka zare wuta sun huce. Amma ka kwance farantin ƙarhen ka sa yatsa ciki, a'a. Wanga aikinmu na, mu ma sai mun zubar da wutar kondansa mun auna da mita mun ga ba sauran wuta, sannan hannu guda muka sawa, guda na aljihu.

To, hwara da karanta bayanta. Kusa ga inda waya ka shiga an rubuta wutar da taka so. Tamu nan 230 ta. In kayan Amurka na za ka ga 120V, kuma in ka soka irin wagga kai tsaye ga bango, nan take fiyus zai tashi, sai ka yi mashi godiya ma don shi yat tare ma taransifoma. Wasu suna da ɗan makunni ga baya da aka juyawa tsakanin 120 da 230, yara na wasa da shi... a'a tsaya. Ka ce ta yi sati biyu kana kiɗa da ita lahiya lau kahin ta hwara. To ba shi ba na. Bar wanga. Amma duba makunnin dai, ba ka biyan ko kwabo.

Abin da yah hi damuna cikin maganarka shi na inda kac ce ka sayo na biyu da na ukku wurin mai gyaran rediyo na unguwarku. Ka dubi bakin ƙarhen fiyus ɗin da kyau, akwai rubutu ƙanana. In ka ga harahin T gaban lamba, awa T2A, wanga mai haƙuri na, shina jure hizgar hwarko. In F na, mai saurin hushi na. Amfilifaya mai bawul, sa'ad da kak kunna ta tana sanyi, taransifoma da kondansa da zaren ɗumama bawul dut suna hizgar wuta lokaci guda, ninkin abin da suka ci in sun zauna. Mai F ba shi jure wanga, ko da kayan lahiyarsu ƙalau. Ke nan tana yiwuwa na biyu da na ukku sun mutu banza, na hwarkon ɗai ad da labari. Kuma lambar ma, amfilifaya guda ta, amma fiyus ɗin da aka sa mata ga wutar 120 kusan ninki biyu na na wutar 230. Amfilifayar kamfanin Marshall mai wat 100, am 4 ga wutar Amurka, am 2 ga tamu. In ka karanta layin da ba naka ba, ka riga ka sa babba ba ka sani ba.

Sai dai hoton da kat turo ya hana ni sakin jiki. Gilashin ya yi baƙi ƙirin ciki, awa an hura mashi hayaƙin aci-bal-bal. Fiyus da yag gaji don tsuhwa ko ɗan nauyi, gilashinai garau za ka gan shi, zaren ɗai yat tsinke ga tsakiya. Wanda yay yi baƙi haka, wuta ta gamu da wuta, shot na sosai. Wane na cikin ukkun kaɗ ɗauka hoto? Ba ka hwaɗi ba. Kuma wane gida yah hito? Don wasu, musamman Marshall, fiyus biyu gare su ga baya: na wutar bango, da wani an rubuta HT, na babbar wutar bawul, yawanci T500mA ga mai wat 50, T1A ga mai 100. In na HT ka tashi, ni kusan na san mai laihi tun ban ga kayan ba, manyan bawul na.

Yanzu tambayar da nika yi ma kowa in ya kawo man irin wagga: yaushe shika ƙonewa? Ba ka ce man "ina kunnawa" ba, kowa haka shika cewa. Makunni biyu gare ta, na wuta da na sitanbai. In da ka taɓa na hwarko, tau, ya tashi, ko hitila ba ta kama ba, to matsalar tana gaba-gaba, wajen taransifomar wuta ko abin da ka juya wuta, wato diyod ko bawul irin GZ34 ko 5U4 in tana da shi. In kau ta kama, bawul sun yi ɗan jan nan nasu, sai da kaɗ ɗaga sitanbai yat tashi, to ɓangaren babbar wuta na: manyan bawul, ko kondansa, ko taransifomar sifika. In kuma sai ka yi minti 10 ko 20 kana kiɗa, murya ta hwara shaƙewa, kana jin wani huuu, sannan ɗif, wanga bawul na ka yin zahi hiye da ƙima. Irin wanga cikin duhu aka kama shi. Jan ɗan zaren tsakiya daidai na. Amma in farantin toka-tokan da ka kewaye da shi ya yi ja awa garwashin mai tsire, kashe ta nan take. Ko bawul ɗin ya gama, ko wutar bayas da ka riƙe mashi linzami ta ɓace. Wagga wutar ƙasa da sifili take, wajen bolt 35 zuwa 50, ga ƙahwa ta 5 ta bawul muka auna ta. Ba kai za ka auna ba, na dai hwaɗa maka don in an ce maka bayas kada ka zaci zagi na.

Bari in ba ku labarin da yas sa nika ɗaga murya in an ce babban fiyus. Shekarun baya wani mai kiɗan biki daga Mabera, ba ni kiran sunanai, wasunku sun san shi, ya kawo man tashi amfilifayar, mai wat 100, manyan bawul irin EL34 guda huɗu. Ran Laraba. Nid duba nic ce mashi bawul guda ya yi shot, ya kuma ƙone rezisto ɗan 1k da ka gindinai, ka bar man ita in nemo bawul. Yac ce suna da kamu ran Asabat. Nic ce to ari ta wani. Yac ce a'a, a dai sa fiyus. Nik ƙiya. Yaɗ ɗauki abinai cikin hushi. Ashe yaronai yas samu takardar azurhwar nan ta cikin kwalin sigari yan naɗe mataccen fiyus yam mayar. Ta kau kama! Sunka yi ta murna, wai tsoho na son cin kuɗinsu. Waƙa biyu sunka yi. Ta ukku hayaƙi yat turnuƙe rumhwa, mata na gudu. Ran Lahadi da sassahe ga shi ƙohwar shago da ita bisa kai, tana warin ƙonannen banish, warin da in ka taɓa jin shi sau guda ba ka mance shi har abada. Taransifoma ta dahu. Garin neman gira an rasa ido. To wanga duka bai ƙona man rai ba, kayanai na. Abin da yaƙ ƙona man rai, ya bi gari shina cewa ni nim musanya mashi taransifoma da tsohuwa. Ni! Kwana guda ma ba ta yi hannuna ba. Sai da munka zauna gaban mai unguwa, nib buɗe gidan fiyus gaban kowa niz zaro takardar sigarin, ta narke ta manne. Yaron yas sunkuyar da kai. Har yau bai ce man yi haƙuri ba, ko kuɗin dubawa bai ba ni ba. Daga baya nij ji an kai ta Kano an sake naɗin waya, tad dawo tana gurnani awa injin niƙa. In mun gamu masallaci muna gaisawa, shi ke nan. Takardar na nan cikin gwangwanina, wanda ka so shi zo shi gani.

Ina nike? Yawwa. Ga abin da za ka iya da hannunka. Sayo fiyus daidai lambar da ka rubuce ga baya, mai T, kuma daidai tsawo, don akwai gajere mai milimita 20 akwai dogo mai 32. Zare wuta, bari ta huce. Sa ma manyan bawul lamba da biro bisa ɗan salatif don kowa shi koma gidanai. Riƙe gindi, ba gilashi ba, ka ɗan girgiza kana ja sama a hankali, akwai ɗan hanci na roba ga tsakiya mai saurin karyewa. Dube su. Tabon nan mai walƙiya awa madubi ga kan gilashi, in ya koma hwari awa alli, iska ya shiga, bawul ya mutu. Leƙa gidan da yah hito, ko akwai baƙin layi tsakanin ramummuka, musamman na 2 da na 3. Na 3 babbar wuta ta, na 2 ta ɗumama, maƙwabtan juna na. Ƙurar hunturun garin ga ta taru wurin, damina ta zo ta jiƙa ta, sai wuta ta yi tsalle ta bar gawayi, gawayin kau hanya na. Irin wanga ba a gogewa, gidan aka canzawa. Na taɓa samun zanzaro ya yi gini daidai wurin, tsaka kau ban san iyaka ba.

Sannan kunna ba manyan bawul, daƙiƙa kaɗan ɗai, kada ka bar ta don wuta na hawa bisa kondansa in ba mai shan ta, kuma ta hi daɗewa ciki bayan ka kashe. In fiyus ya zauna, alhamdu lillahi, bawul na ko abin da ka kewaye da su. In ya tashi kuma tana da bawul mai juya wuta, cire shi ma ka sake. In ya zauna, ko shi na ko kondansan da ka bayanai. In dut an cire kuma shina tashi, sauran diyod in su gare ta, 1N4007 na ƴan kuɗi, ko wata waya ta goge, ko kau taransifoma. Wanga na ƙarshe ba mu hwata.

Ni nan shago ba ni ɓarnar fiyus wurin wanga gwaji. Ƙwan lantarki nika sawa jere da wayar, irin na da mai zare, wat 100. In ya yi hwal sannan ya dushe, lahiya. In ya tsaya da haske awa rana, akwai shot, kuma ƙwan ya shanye wutar, ba abin da ka ƙonewa. Na zamani masu hwarin haske ba su wanga aiki. Guda shidda nib ɓoye cikin kwali, ko ɗiyana ba su san wurin ba.

Af, na so in mance, kuma da shi ya kamata in hwara. Sifika. Kada ka kuskura ka kunna mai bawul ba sifika jone. Ba awa ta masallaci mai taransisto ba ta, wadda ba ruwanta. Wagga in tana aiki ba inda za ta zuba ƙarhinta, wutar komawa taka yi ta huda taransifomar sifika ko ta kashe bawul. Tuna da kyau, ranar da na hwarko yat tashi, ba wanda yat taka wayar sifika tah hita? Kuma om nawa kas sa, 4, 8 ko 16, ya dace da na akwatin? Sannan da wutar gari kaka kiɗa ko da ƙaramin inji? Don ƙaramin inji in an kashe mashi wani nauyi, awa dutsen guga, wutatai tsalle taka yi. Haɗa da zahin bazarar Sakkwato, sama da digiri 40, ka jingine bayanta ga bango ba iska. Ko ɗan Adam aka yi ma haka shina hwaɗuwa.

In ta tabbata bawul na, kada ka sayi guda. Biyu-biyu aka canza su, waɗanda anka auna sunka dace da juna, a kuma daidaita bayas. Ƙasashe kaɗan ka yin su yanzu, Rasha, Sin da Silobakiya, sai dai a aika Legas ko a yi oda. Wanda duk yam miƙo maka bawul tsirara ba kwali yac ce sabo na, cire shi anka yi daga wata.

Ga kiran azahar can. Turo man hoton bayanta inda rubutu shike, da na bakin fiyus ɗin dut ukku, a ga haruhwa, da hoton bawul kusa-kusa. Ka hwaɗa man wane makunni kat taɓa yat tashi. In ka ga ba ka iyawa, ɗauko ta ga Keke bayan la'asar, ka riƙe ta bisa cinya, kada ka aje ta ƙasa ramukkan hanya su karya gilashi. Kada a sake kunna ta kahin nan, ko yayanka na yac ce.