Amsoshin Tambayoyinku: Takalmin Ruwa, Feshi da Ajiyar Wake

Wani manomin shinkafa daga Kura ya tambaya ko takalmin ruwa ya cancanci kuɗinsa. Malam, saya. Tsutsar tsargiya tana fitowa ne daga katantanwar da ke cikin ruwan fadama, ta huda fata ta shiga jiki, ga kuma maciji a bakin kunya. Ka zaɓi mai kaiwa gwiwa, ka lanƙwasa shi a gaban mai shago, idan robar ta nuna tsagewa ka ajiye masa kayansa.

Wani matashi mai feshin haya daga Gwaram yana son sanin ko madarar gwangwani za ta isar masa maimakon takunkumi da safar hannu. Na gaji da wannan tambaya. Madara ba ta karya dafin maganin ƙwari, manja ma haka, domin gubar ta fata da numfashi take shiga. Kuɗin madarar mako biyu ya kai ka sayi safar roba. Ka sa riga mai dogon hannu, ka juya wa iska baya, kuma kada ka hura bakin injin feshi da bakinka idan ya toshe.

Wata baiwar Allah daga Ringim ta rubuto cikin damuwa cewa maigidanta ya sayo maganin ƙwari mai araha ranar kasuwa, an ɗura shi a gorar ruwa babu takarda, yana shirin zuba wa waken da za su ajiye. Hajiya, kin yi daidai da kika damu, Allah ya kwantar miki da hankali. Ki lallaɓa shi ya fasa. Maganin da ba shi da suna, ba lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna), ba ranar lalacewa, ko mai sayar da shi bai san abin da ke ciki ba. Wani an sirka shi da kananzir, wani ya daɗe da lalacewa. Mutum zai kashe dubbai a taki da ƙwadago, sannan ya zo kan abin da 'ya'yansa za su ci ya nemi rangwamen ɗari biyar! Irin wannan ganganci da sinadarin da ke cikin maganin ƙwari na Sniper ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, mu kuwa muna ci. Ku sayi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ku busar da waken sosai, ku ɗaure kowace leda daban, ƙwarin za su mutu saboda rashin iska. Gorar kuma a huda ta a binne nesa da rijiya, kada yaro ya ɗauka ruwa ne.

Idan wani ya taɓa maganin ya fara zubar da yawu, gumi da amai, ko idonsa ya dushe, a cire masa tufafi, a wanke shi da sabulu, kada a sa shi amai da gangan, a garzaya da shi asibiti tare da gorar, in ba a riga an binne ta ba, domin likita ya gani.