Ajiye almakashin nan tukuna

Jiya bayan la'asar ka tambaye ni a kan hannun buga gem na injin PlayStation 2, wato PS2, aiki ya sha mana kai ban ba ka amsa ba. Ka ce, "Oga, tunda hannun PS2 waya ce a cikinsa, USB ma waya ce, me zai hana in yanke bakin in liƙa masa kan USB ya yi aiki a kwamfuta?" To jawo benci, yarona, ka ajiye almakashin nan tukuna.

Da ka fere wayar, da idonka ya ba ka rabin amsar. USB na gama-gari wayoyi huɗu ne: ja ta wuta, baƙa ta nagetif, fara da koriya su ne na saƙo. Bakin hannun PS2 kuwa gurbi tara gare shi, takwas ke aiki. Ina za ka kai sauran huɗun? Kuma ba yawan ne kaɗai matsalar ba. Tun PlayStation na farko na 1994, injin ne ke kiran hannun ta waya ɗaya, ya buga masa lokaci ta wata, ya aika tambaya ta wata, hannun ya mayar da amsa ta wata daban. Kwamfuta ba ta jin wannan yaren. Ga kuma wuta: hannun bolt 3.3 ko sama kaɗan yake ci, USB bolt 5 take bayarwa. Ka haɗa su kai tsaye, in ka yi sa'a ba abin da zai motsa, in ba ka yi ba ka ƙona aisin mutane, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ke ciki.

Tafinta ake sa wa a tsakani. Ka san shuɗiyar adaftar nan mai baki biyu da ke cikin durowa? Akwai ɗan aisi a cikinta, shi ke yi wa hannun magana da yaren Sony, ya juya ya gaya wa kwamfuta da yaren USB. Galibi Windows tana ganinta ba sai an sa direba ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura. Amma kada ka buɗe wasa don gwaji. Danna madannin Windows da R, rubuta joy.cpl, ka bi madannan ɗaya bayan ɗaya kana kallon lambobinsu suna kunnawa.

Sannan ka tuna da ɗan madannin Analog da ke tsakiya. In jar fitilar nan ba ta kama ba, sandunan biyu ba sa aiki. Wani mai gidan gem ya taɓa dawo mini da adafta har uku yana faɗa, wai jabu na sayar masa. Na karɓi hannun, na danna Analog da babban yatsa, na miƙa masa. Dariya ce ta raba mu.

Abu biyu ka gaya wa kwastoma tun kafin ya biya. Jijjiga ba za ta yi ƙarfi kamar a kan injin ba, don motocin da ke ciki wayarsu daban ce, kuma PS2 wuta sama da bolt 7 yake ba su. Na biyu, madannan DualShock 2, wato hannun PS2 na asali, suna jin bambancin dannawa a hankali da dannawa da ƙarfi, adafta mai araha kuwa an danna ko ba a danna ba kawai ta sani.

Wani lokaci joy.cpl zai ga hannun sarai, wasan kuma ya yi kamar babu shi. Nan ne yara ke cewa adafta ta mutu. Lafiyarta lau. Tun fitowar injin gem na Xbox 360 a 2005 Microsoft ta kawo tsarin XInput, yawancin sabbin wasanni shi suke nema, adaftarmu kuwa tsohon tsarin DirectInput take bi. Sa manhajar x360ce, ko ka buɗe wasan ta manhajar wasanni ta Steam, su sa wa hannun rigar Xbox. Manhajojin kwaikwayon tsofaffin injuna irin PCSX2 da RetroArch ba su da wannan rigimar, jera musu madannai kawai za ka yi.

Tunaninka fa bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. Akwai hannu ɗaya da ake yi wa abin da ka faɗa: na Xbox na farko, na 2001. Shi USB ne a ɓoye, baki kawai aka sauya masa. Ja, baƙa, fara, koriya, da wata rawaya da za ka naɗe ka bar ta. Ko shi ma, guntuwar jelar da ake cirewa a ƙarshe za ka yanke, uwar wayar ka ƙyale ta, kuma a Windows sai ka nemo masa direba.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne baki mai haƙora tara. Hannun Sega Mega Drive yana shiga ramin COM na tsofaffin kwamfutoci ɗaf, kamar don shi aka yi. Kada ka kuskura. A Sega haƙori na 5 wuta ne, na 8 nagetif. A COM na 5 ɗin shi ne nagetif, kuma wutar saƙonsa tana iya kai wa bolt 12 sama da ƙasa. Haka hannayen gem ɗin kaset 'yan China da muka taso da su, da yawansu bakinsu irin na Sega ne sak, amma cikinsu tsarin Nintendo ne. Ka sa shi a adaftar Sega, ba zai yi ba. Kama da wane ba ta wane. Ni dai duk hannun da ban san asalinsa ba, sai na kwance shi na ga aisin kafin ya taɓa kwamfutata.

In kana son ka koyi aikin da gaske, da hannun Nintendo na kaset za mu fara, don ba abin da ya fi shi sauƙi. Aisi ɗaya ne, 4021, da wayoyi biyar: wuta, nagetif, ɗaya ta ce "riƙe", ɗaya ta ƙirga, ɗaya ta fito da madannai takwas a jere. Da ɗan allon lantarki na Arduino Pro Micro za ka haɗa tafintanka da kanka, ya ma fi na kasuwa sauri. Yawancin na kasuwa sau 125 a daƙiƙa kwamfuta ke tambayarsu, naka kana iya kai shi 1000. Mai buga ƙwallo da ƙyar ya lura, amma masu wasan dambe irin Street Fighter sukan ce suna ji a yatsunsu.

Wannan sai ranar Asabar in kasuwa ta lafa. Yanzu ɗauko hannun da ka so yankewa, na ga madannin X ɗinsa yana nauyi. Kwance sukurorin baya, ka ɗaga murfin a hankali kada L2 da R2 su zube, ka goge baƙin ɗigon ƙarƙashin robar da auduga da ɗan sifirit. In ya bushe ka sa shi a shuɗiyar adaftar, ka kira ni mu duba tare.